Na Buɗe Ruwa a Ƙasar Holan

Ni mutumin ƙarshen kanal ne. Duk wanda ya yi noman rani tsakanin Kura da Bunkure ya san me hakan yake nufi. Ruwa zai taso daga madatsar Tiga, na gaba su sha su ƙoshi, kai kuma a bar maka abin da ya rage, in ya rage. A haka na tashi, a haka na koyi cewa in ka ga ƙofar ruwa a rufe, ruwa ya taru a bayanta, ƙasa kuma ta tsage a gabanta, to akwai azzalumi a kusa. Da wannan ilimin na sauka a ƙasar Holan a farkon shekarar 2003, ina da shekara talatin da ɗaya, ma'aikatarmu ta tura ni karatun sarrafa ruwan noma.

Mahaifina, Malam Hudu, ya fi shekara ashirin shi ne mai raba ruwa a layinmu. Bai yi boko ba, amma ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba, ba a taɓa kiran sunan gidanmu a caji ofis ba, kuma yana faɗar haka ne da irin muryar da wasu suke faɗar yawan shanunsu. A wajenmu wanda ya shiga gidan yari, ko na kwana bakwai ne, ya shiga ke nan. In ya fito ba a sa shi shaida, in ya nemi aure sai an yi ta shawara, jikokinsa ma za a riƙa nuna su da baki. Ku riƙe wannan, domin shi ne abin da na kusa ja wa tsohon nan.

Garin da makarantar take ƙarami ne, kuma ba zan rubuta sunansa ba don har yau harshena bai iya shi ba. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne ruwa. A gaban gida ruwa, a bayan gida ruwa, wani wurin ma kanal ya fi titi tudu, sai ka ɗaga kai ka ga kwale-kwale yana wucewa a samanka. Mu muna faɗa a ba mu ruwa, su suna kashe kuɗi su fitar da shi. Na rubuta wa ƙanina Auwalu wasiƙa na ce masa na zo ƙasar da kowa na gaba ne, babu na ƙarshe.

A sati na biyu aka yi min sannu da zuwa. Wani baƙar fata ya tare ni a tashar jirgin ƙasa, ya kira ni ɗan'uwa har sau uku, ya sayar min da keke a araha. Kwana uku ina hawa ina yaba kirkinsa. A rana ta huɗu wata mata ta tsayar da ni a gaban kanti, ta kifa keken, ta nuna min sunanta a rubuce a ƙarƙashin sirdi. Ba ta yi ihu ba, ba ta kira kowa ba, kallona kawai ta yi kamar mai jin tausayina. Na miƙa mata abinta na tafi makaranta a ƙasa, ina tafe ina zagin kaina da Hausa, tun da ba mai ji.

Kewar gida da la'asar take kama ni, lokacin da a gida ake naɗe tiyo daga bakin kanal ana tsokanar wanda tumatirinsa ya ƙi girma. Kukar da na taho da ita ta ƙare a wata na uku. Daddawa kuwa tun kafin ta ƙare abokan zamana suka liƙa min takarda a jikin firji, cikin ladabi, suna tambaya ko wani abu ne ya mutu a ciki. Na iya karatun, ban ji tsoron kowa a aji ba, don abin da wasu suke gani a allo ni na taka shi da ƙafata. Amma akwai ranakun da zan dawo ɗaki in zauna ban cire takalmi ba, ina jin da za a buɗe min ƙofa in ga Kura da ban sake waiwayen Turai ba.

A masallacin garin, wanda tsohon gareji ne aka shimfiɗa wa kafet, na haɗu da Baffa Idris. Dattijo ne mutumin Maroko, ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'anta, ya yi ritaya. Larabcina na littafi ne, nasa na kasuwa, sai mu haɗu a tsakiya mu cike sauran da hannu. Da ya ji ni manomi ne ya kama hannuna har ɗan lambunsa da ke bayan gari, wanda faɗinsa bai fi zaure biyu ba. Na'ana'a, wake, kabewa da tumatir layi huɗu. Duk Lahadi can nake wuni. Yana ce min ɗana, ina yi masa gyaran kunyoyin shuka, in za mu tashi ya cika min leda, in na ƙi karɓa ya yi fushi.

A watan Agusta aka yi zafin da su kansu suka ce ba su saba gani ba. Turawa suna ta faman fifita suna neman inuwa, ni kuwa na ji ni a gida, har ina zolayar malamanmu cewa wannan ai sanyin safiya ne a Bunkure. Amma ruwan sama ya ɗauke. Ƙaramar kwatar da ta bi ta gefen lambunan ta janye har ta koma taɓo. Baffa Idris ya koma ɗauko ruwa a jarka daga wani famfo mai nisa, yana tafe yana dafe ƙugu, tumatirin kuma duk da haka yana sunkuyar da kai.

Wata Lahadi bayan azahar na ce masa ina zuwa. Na bi kwatar na yi sama, yadda nake yi a gida in ruwa ya ƙi zuwa. Ban yi tafiyar minti goma ba na tarar da abin da nake zargi. Ƙofar ƙarfe ce mai sitiyari a sama, an ɗaure sitiyarin da sarƙa da kwaɗo, ga wani allo da rubutun yarensu wanda ban iya karantawa ba. A bayanta ruwa ne cike har baki, yana sheƙi. Raina ya ɓaci. Na ce ashe har a nan akwai na gaba, ashe har a nan tsoho zai ɗauki jarka don wani mai hali ya tare ruwa.

Kwaɗon ya yi tsatsa. Na samu guntun rodi a jikin shinge na ɓalle shi, na murɗa sitiyarin har sau tara, na zauna a bakin gaɓa ina kallon ruwan yana gudu. Ba zan ɓoye ba, tun da na zo ƙasar ban ji daɗin kaina irin na lokacin ba. Wani mutum ya zo wucewa da karensa ya tsaya yana kallona baki buɗe. Na ɗaga masa hannu.

Na riga ruwan isa lambu da kaɗan. Muka kama bokiti muka shayar da tumatirin nan tas. Sai da muka gama Baffa Idris ya miƙe ya dube ni.

"Wa ya saki ruwan nan, ɗana?"

"Allah ne ya sake shi, Baffa, ta hannuna."

Bokitin ya faɗi daga hannunsa. Ya ce in ruga in rufe, a ƙasar nan mutum ya taɓa kome amma ban da ƙofar ruwa. Kafin in isa, motar hukumar ruwa ta riga ni, ga motar 'yan sanda, ga mai kare yana nuna ni da yatsa.

A ofishinsu ba wanda ya taɓa ni. Kofi ma suka ba ni. Ɗan sandan da ya rubuta bayanina ne ya faɗa min abin da allon yake cewa. Saboda fari kogi ya yi ƙasa, ruwan teku ya turo ya shigo cikin manyan kanal, shi ya sa aka rufe ƙofar, don kada ruwan gishiri ya shiga gonaki. Ni da aka turo karatun ruwa, ko yatsa ban tsoma na ɗanɗana ba. An ma koya mana wannan a aji, na saurara da rabin kunne don na san babu teku a Kura. Cikin kwana uku tumatirin Baffa Idris ya ƙone ƙurmus. Can ƙasa kuma injin wani manomi mai suna Henk, injin da yake jan ruwa da kansa in ya samu, ya zuƙi ruwan ya fesa wa dashen latas ɗinsa gaba ɗaya.

Lauyan da aka ba ni bai yi min kwana-kwana ba. Ya ce karya kwaɗo da taɓa kayan ruwa ba ƙaramin laifi ba ne a ƙasar da rabinta take ƙasa da teku. Alƙali zai iya ɗaure ni wasu watanni, in kuma aka ɗaure ni, takardar zamana ta tafi, daga gidan yari sai filin jirgi. Ba ɗaurin ne ya tsinka min zuciya ba, na san zan iya jure shi. Hoton da ya tsaya min shi ne na mutumin da zai shiga zauren Baba ya tsuguna ya ce, Malam, an ce Sabi'u yana kurkuku a Turai.

Na rage murya na tambayi lauyan ko akwai wanda za a iya gani. Sai da ya ɗan jima kafin ya gane nufina, ya yi dariya har da cire tabarau. Ya ce babu wanda za a gani, amma akwai abin da za a roƙa, domin a wajensu gidan yari ba shi ne kaɗai abin da ke hannun alƙali ba. Akwai tara. Akwai ɗaurin talala, a maƙala maka wata na'ura a ƙafa ka zauna a gidanka. Akwai wanda za a yanke a rataye shi a kanka, in ka sake laifi ya faɗo maka. Sannan akwai aikin al'umma, a ƙayyade maka awoyi ka yi wa jama'a aiki ba biya, da yamma ka koma ɗakinka.

Na ɗauka wayon Turawa ne su kaɗai, sai da labarin ya bazu a aji. Wata 'yar Kenya ta ce a garinsu ta sha ganin waɗanda kotu ta tura suna share harabar asibiti. Wani ɗan Filifin ya ce su ƙaramar rigima ba ta zuwa kotu sai shugaban unguwa ya zaunar da mutane ya kasa sasanta su. Da aka juyo kaina na tuna wani maƙwabcinmu da aka kama da tiyon injin ban ruwa, ya yi wata da watanni yana jiran shari'a, kafin ya fito shinkafarsa ta zube a gona, matarsa ta koma gidansu, mai tiyon kuma bai samu tiyonsa ba. Na ce musu mu ma muna nan muna shiri.

Kafin ranar kotu aka shirya in zauna da Henk, in ya yarda. Ya yarda. Ƙato ne, ja, mai manyan hannuwa, ya karɓe mu a rumfar da yake ajiye taraktoci, bai ce mu zauna ba. Na fara jawabin ban haƙurin da na kwana biyu ina haddacewa, ya ɗaga min hannu. Ya ɗauko wata kwalba daga kan kanta ya tsiyaya a kofi ya miƙo min. Ruwan ranar ne, ya ɗiba ya ajiye.

Na ɗaga kofin na shanye tas. Gishiri da ɗoyin taɓo suka taso min har hanci, idona ya kawo ruwa.

"Ɗanɗanawa na so ka yi," in ji shi. "Ban ce ka shanye ba."

"A garinmu in mai gida ya ba ka ruwa ba ka ragewa," na ce masa.

Ya jawo kujera da ƙafa ya ce in faɗa masa dalili, ban da haƙuri, dalili kawai. Na karɓi biro na zana masa kanal ɗinmu a bayan wata takardar taki. Na nuna masa inda na gaba suke, na nuna masa gonarmu can a wutsiya. Na ba shi labarin shekarar da alkamarmu ta bushe tana ɗauke da ciki, muna jin ƙarar ruwa a gonar wani. Ya ce ya gane. Sannan ya ce kakarsa ruwa ne ya ci ta a cikin ɗakinta, wata shekara da teku ya ɓalle, kuma tun yana yaro aka koya masa cewa ƙofar ruwa mutum ɗaya ba ya yanke mata hukunci, ko da yana da gaskiya. Bai ce ya yafe ba. Amma ya rubuta wa kotu cewa in an kulle ni latas ɗinsa ba zai tashi ba, gara a saka ni a cikin kwata in san ta.

A watan Oktoba na tsaya gaban alƙaliya, mace mai furfura wadda ba ta ɗaga murya. Ta karanta takardar Henk, ta karanta ta makaranta, ta tambaye ni ko na san abin da na yi. Na ce na sani, har na sha shi. Ta yanke min aikin al'umma na awa ɗari da ashirin. Ta kuma ja min kunne da kyau: in na bar aikin ba da izini ba, zai koma ɗaurin kwana sittin, kuma ba sai an sake zama ba. Na fito na samu bayan wata bishiya na yi sujada.

Wadda aka ɗora wa kula da ni sunanta Madam Anika, 'yar siririya mai yawo da fayil a ƙirji. Ta sa ni cikin masu yashe ƙananan kwatoci, don a ƙarshen shekara suke wannan aiki kafin ruwan hunturu. Laraba da Asabar, awa takwas-takwas. Aka ba ni riga mai ruwan lemo da wandon roba mai haɗe da takalmi har ƙirji. Rigar ce ta fi damuna a ranar farko, don duk wanda ya wuce a keke ya san me ta ƙunsa. Sanyin Nuwamba kuwa a cikin ruwa, wannan ba ya faɗuwa, sai dai in ce na daina zolayar kowa a kan zafi.

Mu shida ne. Akwai wanda ya tuƙa mota a buge, akwai wata da ta ɗebi kaya a kantin da take aiki, sauran ban tambaya ba. Mai motar kullum sai ya kai 'ya'yansa makaranta kafin ya zo, da yamma ya je ya ɗauko su, kuma bai rasa aikinsa ba. Na yi ta kallonsa ina tuna maƙwabcinmu da aka kama da tiyo. Aikin kansa bai ba ni tsoro ba. Wanda ya yi kokawa da ciyawar kachalla a kanal ɗin Kura, ciyawar Holan wasa ce a wajensa. Na nuna musu yadda ake yanko ta daga gindi a naɗo ta kamar tabarma maimakon a yi ta fizga, har shugaban aikin ya tambaye ni ko dama sana'ata ce. Na ce gado ne. A rana ta uku na ɗago kai na ga Baffa Idris a bakin gaɓa da fulas ɗin shayin na'ana'a. Tun ranar da abin ya faru kunya ta hana ni zuwa lambunsa. Bai ta da maganar tumatir ba, ya zuba wa dukkanmu shida, ya ce in sha da zafinsa.

Duk wannan gida ba su sani ba. Wasiƙuna cike suke da labarin jarrabawa da sanyi. Na yi niyyar in gama awoyina in binne maganar a Holan har abada.

Na yi kwana biyar na aiki, saura goma, sai aka kira ni a wayar gidan ɗalibai. Auwalu ne, daga wajen masu wayar kuɗi a cikin Kura. Ya ce Baba ya kwanta, ƙafafunsa sun kumbura, abinci sai an matsa masa, kuma tun jiya yake tambaya ko an gaya wa Sabi'u.

"Yaya, in da hali ka taho. Ban son yadda nake ganinsa."

Washegari da sassafe ina ofishin Madam Anika. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ita ba ta da ikon sake ni in bar ƙasar, sai an nemi izini a rubuce, kuma amsar tana iya ɗaukar makonni. In na tafi haka, awoyin za su koma ɗauri, ranar da na dawo a filin jirgi za a karɓe ni. Ta buɗe fayil ta yi ta jujjuya takardu, can ta ce abu ɗaya za ta iya: ta sa ni aiki kullum, Litinin zuwa Juma'a, in gama cikin sati biyu. Sati biyu, ga mutumin da aka ce ba a son yadda ake ganinsa.

Na sa Auwalu ya aro wayar hannu wajen wani mai injin casar shinkafa ya kai wa Baba. Sabis ba ya kamawa a ɗaki, sai da aka tallafo shi zuwa bakin zaure. Na shirya ƙaryata tsaf, zan ce jarrabawa ce ta riƙe ni.

"Baba, ina wuni. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Sabi'u. Yaushe za ka taho?"

Muryar ta yi ƙasa ƙwarai, amma tasa ce. Na kasa yi masa ƙaryar. Na faɗa masa kome, tun daga jarkar Baffa Idris har rigar ruwan lemo, katin waya yana ta ci.

"An ɗaure ka?"

"A'a, Baba."

"To me aka yi maka?"

"Yasar kwata aka sa ni."

Na ji wani sauti da na ɗauka tari ne, ashe dariya ce ta haɗu da tarin.

"Ranar ruwanka ce?"

"A'a."

"Ka tambayi mai rabo?"

"Ban tambaya ba."

"Kuma ka karya musu kwaɗo."

"Na karya."

"To ai sun yi maka daidai. Kai kana ganin Turawa ne suka ƙago wannan? Kafin ku taso ku fara kai juna wajen 'yan sanda, haka muke yi. Wanda ya saci ruwa ba ma kai shi Kano. Shebur muke ba shi, mu ce daga nan zuwa can. In ya gama a zauna a ci tuwo da shi, magana ta mutu. Kawunka Sule ma ni na sa shi ya yashe tun daga gada har gonar Liman, je ka tambaye shi."

Ya tsaya ya huta. Ina jin Auwalu yana ce masa ya isa haka.

"Saura kwana nawa?"

"Goma, Baba. Amma zan iya tahowa gobe, in ya so duk abin da za su yi su yi."

"Kar ka soma. In ka ajiye aikin ka taho, ba wurina ka zo ba, gudu ka yi. Ni ban haifi wanda zai ɓata wa mutane ruwa ya gudu ba."

"Baba, in kuma kafin nan..."

"Wannan ba naka ba ne, na Allah ne. Naka shebur."

Sati biyun nan ban san na yi su ba. Da safe in shiga ruwa, da yamma in tsaya a gaban wayar gidan ɗalibai ina jin tsoron ta yi ƙara, ina kuma jin tsoron shirunta. Abokan aikina sun ji labari, suka daina surutu a kusa da ni, mai motar kuma ya riƙa ɗaukata ya kai ni gida don kar in jira bas. Wata rana safar hannuna ta yage na ci gaba a haka, ban ma lura ba sai da aka nuna min jini. A ranar ƙarshe muka yashe kwatar da ta bi ta gefen gonar Henk. Ya fito ya tsaya da hannu a aljihu yana kallo har muka kai ƙarshe, sannan ya gyaɗa kai ya koma ciki. Madam Anika ta zo da kanta har bakin kwatar ta sa hannu a takardar a kan bonet ɗin mota, ta ce in tafi, kar in tsaya godiya.

Karatun na koma na ƙarasa shi daga baya, takardar shaidarsa tana nan a jikin bango. Amma ba ita nake tunawa ba in an ambaci Holan.

Daga filin jirgin Kano na ɗauki shatar mota. Muka bi titin Zariya, alkama ta yi kore shar a dama da hagu har muka shiga gari. Idona yana kan ƙofar gidanmu tun daga nesa, ina duba ko an shimfiɗa tabarmi a waje. Babu tabarmi. Auwalu ya fito ya karɓi jakata ya ce Baba yana ciki, idonsa biyu.

Ya rame har na kusa kasa gane shi. Na cire takalmi na durƙusa a gaban gadon na buɗe baki zan yi gaisuwa, ya ɗaga yatsa ya tsayar da ni.

"Kawo hannunka."

Na miƙa masa duka biyun. Ya juya su, ya bi tafin da babban yatsansa a hankali, ya taɓa kantar, ya taɓa inda ya tsage bai gama warkewa ba.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"Babu saura ko awa ɗaya?"

"Babu."

Ya saki hannun ya gyara kwanciya.

"To, yanzu gaishe ni."

Na gaishe shi. Kwana shida muka yi tare.